Saƙon da ban rubuta ba ya fita da sunana

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka rufa min asiri ka ɓoye sunana, Minna ƙarama ce. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni sakatariya ce a wata makarantar kuɗi a Dutsen Kura, ta kawuna ce, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Imel ɗin makaranta a hannuna yake, ni kaɗai na san password. Akwai wata malama, bari in ce mata Madam, Bagwariya ce Kirista, ta girme ni sosai amma kwano ɗaya muke ci, keke ɗaya muke shiga zuwa Kasuwar Kure, da na haihu ita ta yi min wankan jariri.

Kwanan baya sai ga saƙo ya shiga wa iyayen yara daga adireshin makaranta, da sunana a ƙasa, wai an kori Madam don an kama ta tana abin kunya da yara. Wallahi ban rubuta ba, bakina ma ba zai iya maimaita kalmomin ba. Kafin azahar an ɗauki hotonsa an watsa a WhatsApp, har cocin su Madam ya kai. Na je gidanta, mijinta ya tsaya a ƙofa ya ce ba ta nan, alhali ina jin kukanta daga ciki.

Na kira kamfanin da ke riƙe mana website, matar da ta ɗauka ta duba ta ce babu wanda ya shiga akwatina. Ta ce imel kamar ambulan ne, kowa zai iya rubuta adireshin wani a bayansa, shi ya sa ake saka tantancewa, SPF da DKIM da DMARC, su ke gaya wa duniya wanda aka yarda ya aika da sunan makaranta, sauran a yi watsi da su. Ta ce namu an cire shi tuntuni, kuma daga account ɗin mai kula da website aka cire. Mai kula da website kuwa Yaya ne, babban ɗan Kawu.

Da na tambaye shi ko a jikinsa, wai sakamakon jarabawa da yake turawa ta wata manhaja ne ba ya isa wajen iyaye, suka dame shi da kira, shi ne ya cire abin gaba ɗaya maimakon ya saka manhajar cikin waɗanda aka yarda da su. Na ce ai ƙofa ka bari a buɗe, ya ce in iya bakina, shi dai ba shi ya rubuta ba.

Na kai ƙara wajen Kawu, ya ce in iyaye suka ji kowane ɗan iska zai iya magana da sunan makaranta, kwashe 'ya'yansu za su yi. Wai ran Asabar a taron iyaye in tashi in ce kuskurena ne, in ba da haƙuri, magana ta mutu. To wane irin kuskure? In na ce daga hannuna ya fita, ai cewa za a yi da ma a ofis ana zancen, an dai rufe ne. Madam ba za ta ƙara tsayawa gaban allo a garin nan ba, kuma har ta mutu za ta ɗauka ni na yi mata. In kuma na faɗi gaskiya, na tozarta Kawu, mutumin da ya aurar da ni, mamata ta riga ta ce kar in kuskura. Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji.

Har yau Yaya bai mayar da tantancewar ba, wai sai an gama tura sakamako. Da safen nan na buɗe akwatina na tarar da sabon saƙo, daga adireshina zuwa adireshina, layi ɗaya: "Saura ke."

Jama'a, ran Asabar in na tashi, me zan ce? In wanke Madam in rasa gidanmu, ko in amsa laifin da ban yi ba?