Babana Dattijon Coci Ne, Kawuna Ɗan Takara

Anti Sa'adiya, don Allah ki taimake ni. Na san ke Musulma ce, ni Kirista, amma duk wanda zan iya tambaya a cocinmu ya san babana. Ki yi haƙuri da Hausata, a gida yaren C'lela muke yi.

Ina aji shida na sakandare a Zuru. Na cika shekara sha takwas, na karɓi katin zaɓe, kuma zaɓen watan Afrilun nan shi ne na farko a rayuwata. Babana tsohon soja ne, dattijo a coci, mai tsoron Allah ƙwarai. A gidanmu ko rediyo ba a kunnawa ranar Lahadi. Ni ina cikin ƙungiyar mawaƙa, a layin gaba, inda muke zama muna fuskantar jama'a. Akwai taga a gefena da ake hango duwatsu ta cikinta. Wani lokaci ana wa'azi sai hankalina ya fice ta nan, in ga kamar ina tafiya a kan dutse, ruwan farko ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, ba mai tambayata komai. Sai ƙawata Leah ta zungure ni, in ga har an fara waƙa.

Mutum biyu ke neman kujerar majalisar jiha a wajenmu. Ɗaya Malam Prosper ne, wanda ya dawo daga Legas. Ya zo cocinmu ya durƙusa, ya ba da shaidar yadda ya karɓi Yesu har ya yi kuka, dattawa suka ɗora masa hannu. Ban ce ƙarya yake yi ba, ni ma na yi hawaye. Ɗayan Kawu Haggai ne, yayan mamata, wanda ya koya mini karatu a gindin mangwaron gidansu.

Kawu ya yi golmo yana saurayi, wato noman da samari ke haɗuwa su yi wa iyayen budurwa shekara da shekaru kafin a ba su aure. Waɗanda suka yi golmo tare sukan zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Bara ɗaya daga cikin abokan golmonsa ya rasu, mamacin kuwa bai taɓa barin addinin gargajiya ba. Kawu ya je ya ɗauki gawar a kafaɗarsa, ya tsaya har aka gama duk al'adun. Ya ce bai sha komai ba, bai durƙusa wa kowa ba, amma ba zai bar wanda suka sha rana tare ya tafi kabari a hannun wasu ba. Babana ya ce wanda ya tsaya a wurin tsafi ya raba ƙafa, kuma in muka ɗora irinsa a mulki Allah zai tambaye mu.

Yanzu dattawa sun sanar cewa Lahadin ƙarshe kafin zaɓe, za a ce duk mai zaɓen bawan Allah, wato Malam Prosper, ya miƙe a yi addu'a. Babana ne zai faɗa. Anti, in na zauna, coci duka zai gani, watakila ma a cire ni daga waƙa. In na miƙe, na yi alkawari a ɗakin Allah kan abin da zuciyata ba ta yanke ba. Mama kuwa sai dai ta yi ta tuƙin tuwo bayan ya riga ya nuna.

Nakan ga kaina ranar zaɓe da tawada a yatsa, takardar ta yi tsawo kamar hanyar Zuru zuwa Sakaba, ina bin ta ina neman inda zan dangwala. Ban ma san ko Kawu zai iya aikin ba. So nake kawai in yi tunani da kaina sau ɗaya. Yaya zan yi?

Mai waƙa a layin gaba, Zuru.

'Yata,

Hausarki ta fita sarai, damuwarki ma haka. Ko zuwan kawunki jana'izar laifi ne a addininku, wannan na malamanku ne, ba zan sa baki ba. Amma babanki ba mugunta yake yi ba, tsoro yake ji domin ku. Kawunki kuma amana ya riƙe, ko da an ga ya yi kuskure.

Abin da ke zuciyar ɗan takara, ke da dattawa duka ba ku iya gani. Abin da za ki iya gani shi ne yadda kowannensu ya riƙe mutane kafin ya fara neman ƙuri'a. Ki tambaya, ki saurara. Kada ki zaɓi Prosper don ya yi kuka, kada ki zaɓi Haggai don kawunki ne kawai. Ƙuri'arki sirri ce, doka ta ba ki wannan.

Batun Lahadi kuwa, kada ki miƙe kan abin da ba ki tabbatar ba, kada kuma ki bari babanki ya fara sanin matsayinki a gaban jama'a. Wannan zai kunyata shi fiye da maganar kanta. Ki same shi tun yanzu, bayan ya ci abinci, mamarki tana kusa. Kada ki kare kawunki, kada ki soki kowa. Ki gaya masa ba ki yanke shawara ba tukuna, kuma tarbiyyar da ya ba ki ce ta hana ki yin alkawarin ƙarya a gaban Allah. Ki roƙe shi ya bar ki ki zauna cikin jama'a kusa da mamarki a ranar.

Zai iya fushi, za a iya dakatar da ke daga waƙa na ɗan lokaci. Zai yi ciwo, amma zaɓe zai wuce, babanki kuma zai san cewa in kin ce masa i, i ɗin gaskiya ce.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran mahaifinki, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Anti Sa'adiya