Koriyar Sitikar da Ka Ƙi Liƙawa

Zuwa ga Saja Ayuba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, wadda na makara wajen aikowa. Daga unguwar Hor Al Anz ta birnin Dubai nake rubuto maka, inda nake gyaran kwamfuta tun da na ajiye kaki.

Ka tuna ƙarshen 1999, da aka tura mu bariki-bariki mu binciki kwamfutocin soja, don tsoron za su rikice idan shekarar 2000 ta shigo? Aikin ba wuya: a tura agogon na'ura gaba, a ga yadda za ta yi, in ta tsaya daidai a liƙa mata koriyar sitika. Ni ne laftana, amma kai ne ka san aikin.

A asibitin barikin ƙarshe lokaci ya ƙure mana, hedikwata na jiran rahoto. Na ce ka liƙa kawai. Ka ƙi, domin kwamfutocin nan ne ke riƙe da ranakun lalacewar magunguna. Ka ce, "Yallaɓai, abin da ban gwada ba, ba na yi masa shaida." Na fizge sitikun na bi na liƙa da hannuna, har a kan kwamfutar da ko kunna ta ba a yi ba. A rahoto kuma na rubuta cewa kai ne mai kawo jinkiri.

Sabuwar shekara ta zo, ba abin da ya faru. Aka yaba mini, kai kuma aka cilla ka bakin iyaka, ana tsokanarka da Baba Dubu Biyu. Da ni aka yi dariyar. Sa'a ce ta rufa mini asiri, na bar mutane suna kiranta ƙwarewa.

Ranar Juma'a, a cikin abra, kwale-kwalen da ke ƙetare da mu zuwa Bur Dubai, na ji an ce mini Kawu. Rifkatu ce, 'yarka, tana aikin jinya a nan. Ita ta gaya mini ka rasu bara. Ta ce har a gadon ciwo kana cewa laftananka yaron kirki ne, matsa masa aka yi. Ta ce abu ɗaya ke cin ta, har yau ba su san laifin da ka yi aka tura ka can ba.

Kunya ta kama ni, na kafa wa ruwa ido har muka sauka.

Babu wanda ya matsa mini, Baba Ayuba. Ƙarin anini nake kwaɗayi, shi ke nan. Ka san haka sarai, ka rufa mini asiri a gaban 'ya'yanka, ka bar su suna zarginka.

Ta ba ni lambarta. Gobe zan kira ta in faɗa mata ubanta bai yi laifin komai ba, kuma in faɗa mata wanda ya yi. Ƙila daga ranar ba za ta sake ce mini Kawu ba.

Allah Ya ba ka hutawa, Ya albarkaci zuri'arka, ni kuma Ya ba ni ƙarfin buɗe baki.

Naka cikin kunya,
Sabi'u