Tafin Hannun Ɗan Italiya

Laraba da dare, Rusholme

Har yanzu hankalina bai kwanta da ɗan Italiyan nan mai koya wa Hanifa tennis ba. Wai shekara goma ya yi yana buga manyan gasa kafin gwiwa ta zaunar da shi. To mai irin wannan tarihi me ya kawo shi filin wasan council, na ƙaramar hukuma, a unguwar Hulme? Yanzu kuma ya ce yarinyar tana da baiwa, a bar shi ya kai ta gwaji Birmingham. 'Yata, shekara sha huɗu!

Marigayi Baba ba ya ɗaukar ɗan ƙodago sai ya gaisa da shi ya ji kanta a tafinsa. Ni ba na musabaha da maza, don haka na tura Abban Hanifa, na ce ya riƙe hannun da kyau. Ya dawo ya ce, "Laushi kamar auduga."

Na ce alhamdulillahi, ƙarya ta ƙare, wanda ya yi shekara goma yana buga tennis ba ya rasa kanta a hannu. Sai Hanifa ta fashe da kuka. "Mum, he's left-handed! Bahago ne!"

Mu kam dama muka sani. Wa zai miƙa wa mutum hagu?

Ban sauka ba dai. Ranar Asabar da kaina zan kai masa zoɓo in zuba ido. In ya karɓa da dama, ban ga tafin ba. In ya karɓa da hagu kuwa, marar tarbiyya zan ba wa 'yata?