Matar Mutum Biyu a Kwamfuta

Daren Talata, 9 ga Sha'aban, unguwar Suwaidi

Yau kwamfutar ofishin iƙama, wato katin izinin zaman baƙi, ta yarda mijina ɗaya ne. Alhamdulillahi!

Watanni ina ƙunshe a ɗaki kamar ɓarauniya, ko baƙala, shagon unguwa, ba na leƙawa sayen burodi, don iƙamata ta ƙare. Iliya ya sake ni da bakinsa, na gama idda, aka ɗaura mana aure da Malam Bashir a unguwar Jaradiya. Mu a wajenmu magana ta ƙare. Ashe su hukuma sai sun ga hatimin kotu a kan sakin. Da muka je sabunta iƙamata, ma'aikacin ya dubi Malam ya ce, "Ai wannan matar Iliya ce." A gaban jama'a!

Iliya kuwa ya yi ta ja mana rai kan zuwa kotu, kullum "bukra, in sha Allah", goben da ba ta zuwa. Sai da Inna ta kira uwarsa a Maradi. Ban san me suka ce ba, amma makon jiya ga shi gaban alƙali yana kallon takalmansa, ya faɗi ainihin ranar da ya yi sakin.

Da muka karɓo katin, Malam ya ce, "Amarya, ina za mu?"

Na ce, "Duk hanyar da 'yan sanda suke. So nake a tambaye ni iƙama."