Abin da Aka Ciro Daga Ƙirjin Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya jikin maigidan? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ki ce yau kuma wace rana, Auta da riƙe biro. To laifin kunnenki ne. Na kira ki a waya na ce tari ya dame ni, kika ce Allah ya sa a tashi taron lafiya. Shi ya sa na ce gara takarda.

Tarin nan kin san shi, tun ina yaro duk murar da ta zo gari a ƙirjina na dama take sauka. Wannan karon ne ya ƙi tafiya. Ina gareji ina fesa wa wata farar mota fenti ya turnuƙe ni, na cire takunkumi na tofar, sai na ga ja a jikin ƙofar da na gama fesawa. Na fara yi wa yaran garejin faɗa wa ya taɓa gwangwanin jan fenti, kafin na gane daga bakina ya fito.

Matata, Amaryarki, ta tasa ni gaba sai asibiti. Sun kwantar da ni a wani gado mai shiga cikin na'ura, suka ɗauki hoton ƙirjin. Yaya, da kin ga abin da na gani! Likitar ta juyo mini da allon ta ce ga huhunka. Bishiya ce sak, an kifa ta kai ƙasa, reshe na fita daga reshe har ido ya kasa binsu. Shekara hamsin da ɗoriya ina yawo da bishiya a ƙirji, ina ta surutu da ita, ina faɗa da masu mota da ita, ban taɓa sanin kamanninta ba. Na manta ma abin da ya kawo ni, sai da ta sa bakin biro a wani farin tabo can ƙasa ta ce wannan ne ba su gane ba.

Ƙaramin abu ne. Irin aikinmu ne, a kankare tsatsa a shafa fenti. Kada ki tayar da hankalinki.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Kunnena ne ya yi nauyi, ba hankalina ba. Ni na goya ka bayan Inna ta rasu, na san idan wasa ya yi maka yawa to akwai abin da kake rufewa. Ranar da ka karya hannu ma dariya ka shigo kana yi. Wane irin ƙaramin abu ne yake sa mutum tofar da jini?

Shekara nawa ina faɗa maka hayaƙin fentin nan ba abokin zama ba ne? Amma bari, ba yau ce ranar faɗa ba.

Ka san da ina da yadda zan yi da ka gan ni a ƙofarka. Maigidan tun da ɓarin jikinsa ya mutu ba ya karɓar abinci daga hannun kowa sai nawa. Don haka ka miƙa wa Amarya wannan takardar. Amarya, ke nake wa magana: ki rubuto mini gaskiya, kada ki rage komai. Na tsufa da a lallashe ni.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon ki yafe mini jinkirin amsa. Na kasa rubutu ne sai da aka wuce wurin.

Gaskiyar ita ce likitoci sun yi zargin ciwon daji. Sun zura masa wata siririyar roba mai ido ta hanci, suka tarar tsoka ta toshe ɗaya daga cikin hanyoyin iska, ba su iya ganin abin da ke bayanta ba. Suka ce sai an yanke ɓangaren ƙasa na huhun dama gaba ɗaya. A gaban likita dariya ya yi. Da muka fito sai ya zauna a kan matakala ya ce mini, “Ke, ni fa ban gama ba.” Ban san abin da bai gama ba, ban kuma tambaya ba. Washegari ya je gareji ya raba wa yaransa kayan aiki, har bindigar feshin da ba ya bari kowa ya taɓa. Wannan ne ya fi karya mini zuciya.

An yi tiyatar. Tun da hantsi suka shiga da shi, ba a fito ba sai da rana ta yi sanyi. Likitar mace ce, 'yar ƙarama, hannunta kamar na yarinya. Da ta fito ta ce an yi nasara, ni hannun nan kawai nake kallo, ina cewa a raina wannan ne ya shiga tsakanin haƙarƙarin mijina ya fito. Ta faɗa mini wai lokacin aikin sun kwantar da huhun dama, na hagu shi kaɗai ya riƙe shi har aka gama, sannan suka hura wa na daman iska ya tashi a gaban idonsu. Ikon Allah, Yaya. Ban san ana yi wa ɗan Adam haka ya rayu ba.

Yanzu yana kwance da roba a gefen ƙirji, ta sauka cikin wata kwalba mai ruwa a ƙarƙashin gado. Idan ya yi tari sai ruwan ya yi kumfa. Da ya farfaɗo abin da ya fara cewa shi ne wanda ya yi fentin silin ɗakin bai iya aiki ba. A nan na san ya dawo.

Abin da aka yanke an kai ɗakin bincike. Sai sakamako ya fito za mu san ko ciwon ne. Ki ci gaba da sa mu a addu'a.

A gaida Baban yara da jiki.

Ƙanwarki,
matar Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ga ni, ban tafi ba. Idan rubutun ya karkace ki yi haƙuri, hannun dama har yanzu yana jan ɗinkin.

Ki fara yafe mini ƙaryar tsatsa da fenti. Sannan ki nemi wuri ki zauna, don akwai magana a ƙarshen takardar nan. Kada ki tsallaka, na san halinki.

Ban taɓa sanin numfashi aiki ne ba sai da aka yanka ni. Akwai wata nas da muka sa wa suna Sajan. Tun washegarin tiyata ta zo ta ce in tashi. Na ce baiwar Allah, jiya fa aka buɗe ni kamar bonet ɗin mota. Ta ce, “Huhun da aka bari ya kwanta ruwa yake tarawa. Rungume filo ka yi tari.” Na yi, na ga taurari da rana tsaka. Ta kawo wani abu kamar kayan wasan yara, ƙwallaye a cikin bututu, wai in zuƙi iska in ɗaga su. Ni da nake tura mota ni kaɗai, ƙwallo guda ta gagare ni. Tsohon da ke gadon kusa da ni, mai gyaran agogo ne, nasa huhun ɗaya aka cire ɗungurungum, shi ne mai yi mini kirari. Ranar da ƙwallo ta farko ta tashi ya tafa har sai da Sajan ta leƙo.

Sannu a hankali na kai ƙofar ɗaki, na kai ƙarshen baranda. Aka zare robar, aka sallame ni. Wata safiya a tsakar gida na ja iska, sai na ji ta wuce inda take tsayawa, ta gangara can ƙasa, wurin da ban san akwai shi ba. Na tsaya cak riƙe da buta. Likita ta ce haka ne, sauran huhun yana buɗewa ya cike gurbin ɗan'uwansa. Ba wanda ya aike shi, ba wanda ya koya masa.

To ga maganar. Mun koma karɓar sakamako, Amarya tana ta murza bakin mayafi. Likitar ta shigo ta ce, “Ba ciwon daji ba ne.” Amarya ta zame daga kujera ta yi sujada a nan kan tayil. Sai likitar ta buɗe aljihun tebur ta ajiye wata 'yar kwalba a gabana ta ce, “Baba, ka san wannan?”

Dutsen abin wuya ne, Yaya. Na gilashi, shuɗi, bai kai ƙwayar wake ba. A cikin abin da suka yanke aka same shi, tsoka ta naɗe shi ruf. Ta ce daga yadda wurin ya yi, tun ina ƙaramin yaro yake nan. Na ce ta yaya mutum zai rayu da dutse a hanyar iska? Ta ɗaga kwalbar saitin taga ta ce in duba. Ramin zaren nan da ke tsakiyarsa, ta nan iska take bi. Sai da tsoka ta rufe ramin sannan wurin ya ruɓe ya fara jini. Ta ce tun da take aiki ba ta taɓa gani da idonta ba, har abokan aikinta sun yi ta zuwa kallo.

Ni dai ban taɓa sa abin wuya ba, kin sani. Ke kaɗai kika rage da ta san yarintata. Na wane ne?

Ƙaninki,
Auta

*

Auta, ɗan Inna,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Na karanta wa maigidan, mutumin da ya daɗe bai haɗa kalma biyu ba, sai ga shi ya ce Allahu akbar.

Na Inna ne.

Ba za ka tuna ba, lokacin ko yaye ka ba a yi ba. Tana da abin wuya na shuɗɗan duwatsu, shi kaɗai ne adonta, ba ta cire shi ko za ta yi wanka. Kai kuma idan kana shan nono hannunka yana kansa. Wata rana da hantsi tana zaune a bakin ƙofa tana ba ka, ka finciko shi, zaren ya tsinke, duwatsu suka watse a ƙasa. Ta ajiye ka muka shiga tsinta ni da ita. Sai muka ji ka shaƙe. Ka yi baƙi, idonka ya fito, ba kuka ba numfashi. Ta ɗaga ka ta ƙafa tana bubbuga bayanka tana kiran sunan Allah da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Can sai ka ja iska da ƙara kamar usur, ka tsala ihu. Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana hawaye.

Baba ya dawo ya ce ai ka haɗiye ne, zai fita da kansa. Ka yi ta tari kwana da kwanaki, aka ce sanyi ne. Ita dai da ta sake shirya abin wuyan ta ce ɗaya ya ɓata. Mun share ɗakin, mun ɗaga tabarma, har ƙarƙashin randa. Ta riƙa tsokanarka tana lakace maka hanci tana cewa ɓarawona, ina ka kai mini dutsena? Kai kuma kana ɓangale baki. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu.

Kullum kana ce mini ba ka da komai nata, ba hoto, ba murya, ko fuskarta ba ka riƙe ba. Ni ma ba ni da komai. Abin wuyan gwaggonni suka raba a tsakaninsu, duk sun bi ƙasa, duwatsun sun bi duniya. Na neme su da na girma ban samu ko ɗaya ba. Wanda ya ɓata shi kaɗai ya tsira. Tun da na karanta takardarka nake zaune ina juya abin a raina, hankalina ya kasa ɗauka. Abin da ya kusa kashe ka a cinyarta, shi aka bar wa ƙofa a tsakiya don ka sha iska, har ka yi aure, ka haifa, ka yi furfura.

Babbar 'yata ta yarda za ta zo ta zauna da ubanta, shi ma ya gyaɗa kai. Zan taho farkon wata. Kada ka kuskura ka sa dutsen nan a cikin takarda ka aiko, in ya ɓata a hanya ba zan yafe maka ba. Kuma ka bi maganar Sajan.

Ka gaida Amarya, ka ce Allah ya yi mata albarka.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce za a yanka ni. Ɗinkin ya yi zafi, ban damu ba. Ashe har suna Inna ta sa mini.

Dutsen yana nan cikin kwalbarsa, ban buɗe ba. Na bari sai kin zo ki fara taɓa shi, ke kika san wuyan da ya fito.

Zan zo tasha in tare ki, da ƙafata. Jakarki kuwa ke za ki ɗauki abarki, likita ta hana ni ɗaukar kaya.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ɓarawon Inna