Injin Motata Ya Fashe a Hanyar Anka

Daren Laraba, Gummi

Na kasa cin tuwo. Motata na can bakin hanyar Anka, inji a fashe.

Tsoron 'yan bindigar dajin nan ya sa na ɗaura mata turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi. Ranar sai da Ali makanike ya ce, "Bello, bi sannu. Fistan da kwanrod, ƙarafan cikin injin, na kamfani ne, ƙarhinsu na da iyaka."

Yau na hango baburan 'yan bindiga bayanmu, na take totur har ƙasa. Mun tsira ni da fasinjojina, amma bayan mun yi musu nisa kwanrod ya huda injin, baƙin mai ya tsiyaye.

Da na kira Ali, na faɗa mai, sai ya ce, "Wanga ba ya gyaruwa."

Inna sai hamdala take yi. Ni ma na gode Allah, amma ban san da me zan fita gobe ba.