Ni da Bashin Firiza

Litinin, 1 ga Afrilu

Malama ta ajinmu na manya ta ce wanda ya koyi rubutu da girma, in ba ya yi kullum, hannu zai manta. Shi ya sa na sayi wannan littafi. Amma ba don hannu kaɗai ba. Akwai maganar da ba ni da wanda zan gaya wa.

Ana bin ni bashi. To, na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Bara na ɗauko firiza don sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Na ce wa Baban yara na biya duka da kuɗin da na tara. Rabi na biya. Sauran, dubu goma sha biyar duk wata, saura wata uku. Lokacin ban iya karatu ba, yatsa na dangwala a takarda. Watan jiya injin ya lalace, mai gyara ya cinye kuɗin, ban kai wa Mai Firiza, wanda na ɗauko ta a shagonsa, komai ba. Jiya na ɗauko takardar na karanta da kaina, harafi-harafi, sai ga shi: wanda ya tsallake wata biyu a jere, a ɗauke firiza, abin da ya biya kuma ya bi ruwa.

Ke nan dubu talatin kafin talatin ga wata. A gwangwanin madara ina da dubu shida.

Sirri ne wannan. Baban yara ba zai ji ba, ƙarya ta fi bashin ba ni kunya. Yara ma ba za su ji ba, babbarsu Lauya na da jarrabawa a gabanta. A sito nake rubutu bayan an ci abincin rana, ƙofa a rufe, firiza na gurnani kusa da ni. Sirri ne.

Laraba, 3 ga Afrilu

Na yanka sabulu gida huɗu na ɓoye uku. Jakar shayi ɗaya, kofi biyu. Kasuwa a ƙafa.

Lauya, babbar 'yata da ba a cin ta a gardama, ta ɗaga guntun sabulun ta ce, "Mama, wannan na wanka ne ko maganin ciwon kai?" Na ce ta gwada haɗiyewa ta ba mu labari.

Asabar, 6 ga Afrilu

Dubu tara da ɗari biyar.

A aji yau Malama ta ce, "Maman Lauya, a ɗan rage murya." Ni da ko tari ban yi ba! Kaina na kan littafi ina rubutu. Mai Kitso da ke zama kusa da ni sai dariya take. Mutane dai.

Ƙanƙara kaɗai ba za ta kai ni ba. Da zan samu masu kawo guga. Dutsen gugata na zaune ba aikin fari balle na baƙi.

Talata, 9 ga Afrilu

Ikon Allah! Lauya ta shigo daga makaranta da ƙunshin kaya a ka. Malamansu uku ne suka ba da guga, wai ita ce ta yi musu talla. Na ce wa ya aike ki? Ta ce, "Kawai na ga dutsen na tsatsa ne." Ran Asabar na rubuta buri, ran Talata ya zo har gida. Da na san haka rubutu yake, da na shiga aji tun ina budurwa.

Riga goma sha ɗaya, wando bakwai. Bayana kamar an daka, amma ina ta waƙa.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Wanki. A aljihun wandon Baban yara na tsinci dubu ɗaya. Shaiɗan ya ce gwangwani, ni na ce a'a. Na kai masa yana kwance a falo, ya dawo daga rabon burodi, don shi ke tuƙa motar gidan burodi tun asuba. Ko kallon kuɗin bai yi ba. Ya ce, "Abin da wanki ya tsinta na mai wanki ne."

Shekara goma sha tara ina wanke wandon mutumin nan. Ban taɓa samun abin da ya wuce tsinken sakace ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Dubu goma sha biyar. Rabi! Na ƙirga sau huɗu.

Amma hankalina bai kwanta ba. Auta ta ce ta daina son biskit, kar a ƙara ba ta kuɗin tara. Yarinyar da ke lashe leda har ta yage! Na taɓa goshinta, ba zafi. Na ja fatar idonta, ja ne lafiya lau. Na ce ta buɗe baki. Ta ce, "Mama, girma ne ya zo mini." Shekararta takwas. Ko tsutsar ciki ce?

Lauya kuma takalmin makarantarta ya buɗe baki kamar kifi. Babanta ya ba ta kuɗin sabo, ta sayo gam ta liƙe, wai tsohon ya fi sanin hanya.

Laraba, 17 ga Afrilu

Na ƙona rigar malamin lissafi.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Jiya na kasa ƙarasawa. Ina guga sai wata mata ta ƙwanƙwasa tana son ƙanƙara, na ajiye dutse a kan riga na ce yanzu zan dawo. Ta tsaya ba ni labarin surukarta. Da na dawo, hoton dutsen ya fito a gadon bayan riga, har da 'yan ramukansa. Fara ce sabuwa. Na biya malamin dubu huɗu, ya bar mini rigar. Mutumin kirki, bai ɗaga murya ba, ni ce na yi ta kuka kamar fatata ce ta ƙone.

Yau da asuba sai ga Baban yara sanye da ita zai fita. Na ce, "Haba, Baban Lauya, da wannan tambari?" Ya ce, "Ai jingine nake a kujera, wa zai gani? Ban taɓa sa riga mai tsada haka ba." Ya juya mini baya yana taku ɗai-ɗai har bakin ƙofa. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Wanki kuma. Dubu ɗaya da ɗari biyar a aljihu.

Yanzu abin ya fara ba ni tsoro. Kawunsa haka ya fara, mantuwa kaɗan-kaɗan, har ya zo yana neman hularsa tana kansa. Ga munsharin nan da ya ƙaru, kamar ana jan buhu a tsakuwa. In ƙwaƙwalwa ce ta fara taɓuwa, ina zan sa kaina?

Asabar, 20 ga Afrilu

Baban yara na shan shayi, ba wanda ya tambaye shi, sai ya fara jero mini lambobin waya na shaguna goma sha biyu da yake kai wa burodi, da ka. Ya gama ya ce, "Kai dai ƙalau yake." Na ce wa ya ce ba ƙalau ba? Ya ce, "Babu. Kuma ni ba na munshari."

Dubu goma sha shida. Saura kwana goma.

Wata uku rabona da lemo. Yau na wuce mai lemo na kau da kai. Bari dai bashin nan ya ƙare.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Lemo shida a kan firiza. Kowa ya ce ba shi ba ne. Na yi bismilla sau uku kafin in ɓare. Zaƙi kamar zuma.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Ɗazu na shigo sito na buɗe bayan littafi inda nake lissafi. Jiya dubu goma sha tara, kuɗin guga da na ƙanƙara da na aljihu dubu huɗu. Na rubuta ashirin da biyu. Sai na ji daga bayan bango:

"Ashirin da uku, Mama!"

Muryar Auta. Sai muryar Lauya ƙasa-ƙasa, "Ke dai bakinki ba ya riƙe ko ruwa." Sai tarin Baban yara, irin wanda yake yi in yana danne dariya.

Na ɗaga kai. Bangon sito na katako ne, kuma bai kai sama ba. Shekara shida a gidan nan, yau na lura.

Na fito da biro a hannu. Su uku a jere a doguwar kujera, kai a jingine da katako, kamar masu jin labarai a rediyo. Na ce wa ya taɓa mini littafi? Lauya ta ce, "Wallahi ko bangonsa ba mu taɓa ba. Mama, ke fa ba ki iya rubutu baki a rufe ba. Duk kalmar da za ki rubuta sai kin faɗe ta. Mai wuya ma sau biyu."

Ashe abin da Malama ke nufi ke nan.

Na ce tun yaushe? Baban yara ya ce tun ɗaya ga wata. Na zauna a hannun kujera. Ƙaryar, da bashin, da kawunsa, da buhu a tsakuwa, duka. Na ce, "Me ya hana ka magana?" Ya ce, "Ke kika ce sirri ne. Sau biyu kika faɗa, da ƙarfi. Ni wa in tona miki?"

Na ce na yi maka ƙarya. Ya ce, "Kin yi. Ran farko na ji haushi, har na kasa barcin rana. Da na ji kina yanka sabulu gida huɗu sai na ce hukuncin ya isa." Sannan ya ce, "Firizar nan ita ta biya kuɗin jarrabawar yarinyar nan. Ba mai fitar da ita daga gidan nan."

Auta ta ce, "To yanzu zan iya komawa son biskit?" Lauya ta ce sai bayan talatin ga wata.

Wannan duka da mayafi a baki nake rubutawa. Ban sani ba ko yana aiki.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Ba ya aiki. Auta ta ce kamar ana magana a cikin tulu, amma ana ganewa.

Saura dubu bakwai, kwana huɗu. Albashinsa sai biyu ga wata, aljihu kuma ya ce ya bushe. Mun zauna mu huɗu a falo, gwangwani a tsakiya. Abin mamaki, da aka sa bashin a fili sai ya zama ƙarami.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Jiya Baban yara ya tafi da kula cike da ruwan sanyi a mota, ma'aikatan gidan burodi da masu shaguna suka saye tas. Dubu biyu da ɗari takwas.

Yau akwai wasan ƙwallo a filin bayan makaranta. Muka aro kula biyu wajen Mai Kitso, muka tafi gaba ɗaya. Baban yara da rigarsa mai tambari yana kiran "Ruwa mai sanyi!" da wata murya da ban san yana da ita ba. Wani ya ce, "Baba, an yi maka guga kana ciki ne?" Ya ce, "Ƙwarai, shi ya sa nake neman sanyi. Guda nawa za a ba ka?" Mutumin ya sayi biyar.

Lauya ke karɓar kuɗi, ni ke ba da canji, Auta ke duba lissafina. Ni dai idona na kan hadari, ina cewa in aka yi ruwa mun shiga uku. Ba a yi ba.

Dubu talatin da ɗari shida. Na ƙirga sau ɗaya, Lauya ta ƙwace gwangwanin.

Talata, 30 ga Afrilu

Na kai wa Mai Firiza kuɗinsa. Ya ƙirga, ya rubuta rasit, ya turo mini tawadar dangwale kamar kullum. Na ce a ba ni biro. Ya ce, "Au, Hajiya, an waye?" Na ce tsaya tukuna. Na karanta rasit ɗin daga sama har ƙasa, yana jira, mutum biyu na jira a bayana. Na san da ƙarfi na karanta, na ji kaina wannan karon. Ban damu ba. Sannan na sa hannu, ya ɗan karkace, amma nawa ne.

Da ɗari shidan na sayo biskit. Da sabulu guda, kuma ban yanka ba.

Lahadi, 5 ga Mayu

Saura biya ɗaya, ƙarshen wata. Ban buɗe gwangwani ba tun ran Alhamis. Mantawa na yi, ba wani abu ba.

Jiya Malama ta tsaya a kaina ta ce, "Maman Lauya, yau ban ji ki ba." Na duba, ashe na cika shafi guda. Ta sa aka tafa mini. Na ji daɗi, mana.

Ɗazu Auta ta leƙo, don ƙofar sito a buɗe take, saboda zafi. Ta ce, "Mama, rediyonmu ya lalace ne? Kwana uku ba labarai." Na kore ta.

Suna falo yanzu, ina jin ƙarar kujera. Shiru gidan ya yi, ni kaɗai da gurnanin firiza. Abin da nake nema ke nan tun farko. Sirri ya zama sirri.

Layin da ke biye da ƙarfi zan faɗe shi. Don in gwada murya ne kawai.

Lemon nan ya ƙare tun tuni.

An yi tari a falo, irin na danne dariya.